Ɗakin da Na Kira Sito

Ina aji uku a sashen zanen gine-gine lokacin da Baffa Abdulƙahhar ya kira ni falonsa, ya ce yana so in zana masa shaguna uku a gaban gidanmu na Fagge. Ban bari ya ƙarasa magana ba na ce an gama. A lokacin ban taɓa gina komai a duniya ba sai gidajen kwali da gam. Amma in ka gan ni na sauko daga adaidaita sahu, da doguwar robar takardun zane a kafaɗa da fensir uku a aljihun riga, sai ka rantse ni na gina rabin Kano. A gida ma an daina kirana Modu. Akitek ake ce mini, ni kuma ina amsawa da sauri.

Baffa ƙanen mahaifina ne, shi ke riƙe da ni tun rasuwarsa, shi ne kuma babba a gidan. Na ce babba, amma akwai wadda ta girme shi: yayarsu, Gwaggo Zaituna. Mijinta ya daɗe da rasuwa, ba ta da ɗa a raye, tana zaune a ɗakin da ke gaban gida. Ɗaki ne mai faɗi, da babbar taga tana kallon titi. Ta wannan tagar take sayar da turaren wuta da humra, irin haɗin da ta koya a wurin kakarmu mutuniyar Borno. Mata daga Fagge har cikin Sabon Gari sun san tagar.

Ranar da na shiga awon ɗakinta, ita ta riƙe mini bakin tef ɗin a jikin bango. Ta tambaye ni ko fenti za a yi. Na ce mata gyara ne dai. Ta sa mini albarka, ta ce karatun nan nawa ya fara amfanar gida.

Sati biyu na yi a kan zanen. Shagunan suka cinye zaure da ɗakin Gwaggo. Na fitar da sabuwar ƙofar shiga ta gefe, na kuma yanka wa kaina ɗaki kusa da ita mai taga biyu suna kallon juna, don a zangon nan aka koya mana yadda iska ke shiga ta nan ta fita ta can, kuma ina so in ga ilimina yana aiki. Da na gama rabon, sai wani ɗan fili ya ragu a bayan shagon ƙarshe, jingine da bangon banɗaki. Mita biyu da ɗan ɗoriya ta nan, biyu da rabi ta can. Na rubuta masa SITO da manyan baƙaƙe. A lungun da ke bayansa, tsakaninmu da katangar maƙwabta, na zana ɗan akwati na rubuta wajen janareta.

Baffa ya shimfiɗa takardar a kan dadduma, ya daɗe yana kallo, ya ce ma sha Allah har sau uku. Sannan ya ɗora yatsa a kan siton.

"Yaya Zaituna za ta zauna a nan kafin a ɗora bene."

Na ce ai babu taga. Ya ce to in sa mata mana, ba ni ne Akitek ba? Sai na ƙara bulo biyu masu huji can sama kusa da rufi, suna kallon lungu. Na ga akwatin janaretan a ƙarƙashinsu daidai. Na gan shi sarai. Na ce a raina zan gyara idan aiki ya zo wurin. Kalmar SITO ma ban goge ta ba, don na riga na buga zanen a babbar takarda, kuma ya yi kyau ƙwarai.

A watan Fabrairu aka kwashe kayanta. Gadonta na ƙarfe ya ƙi shiga, aka kwance shi aka jingine a tsakar gida, aka shimfiɗa mata katifa a ƙasa. Kwalaben turarenta da kaskonta aka jibge su a kusurwa. Ta tsaya a bakin ƙofa tana kallon ciki. Na zaci za ta yi magana, har na shirya amsa a kan benen da za a ɗora. Abin da ta tambaya kawai shi ne ina alƙibla take. Na ciro waya, na buɗe kamfas, na nuna mata da irin alfaharin wanda ya warware babbar matsala.

Shagon ƙarshe wani mutumin Sabon Gari ne ya kama shi, Ugochukwu, mai sayar da kifi da kaji na firiza. Baffa ya ba shi kwafin zanena. Mutumin ya bi takarda kamar yadda aka rubuta, ya ajiye ƙaton janaretansa a lungu, daidai inda akwatina yake. Har ya tsayar da ni wata rana ya yaba mini, ya ce bai taɓa kama shagon da aka yi tunanin wajen inji tun a takarda ba. Na ce masa ai aikinmu ke nan.

Wuta a unguwarmu ba ta zama. Kifi kuma ba ya jiran wuta. Injin kan tashi da hantsi, wani lokacin sai bayan magariba yake hutawa.

Ciwon kai ya fara kama Gwaggo tun satin farko. Takan ɗaure goshi da ɗankwali ta fito tsakar gida. To tsakar gidan ma an cika ta da bulo da yashi da rodi na benen da ake jira, sai ɗan wuri kusa da famfo. Nan take shimfiɗa tabarma ta kwanta. Hajiya Sharifa, matar Baffa, ta yi kwanaki tana kallo, sannan ta same ta cikin ladabi ta ce baƙi suna shigowa, idan suka gan ta a kwance a waje sai su zaci korar ta aka yi daga ɗaki. Gwaggo ta naɗe tabarmarta ta koma ciki.

Masu sayen turare suka riƙa zuwa tsohuwar taga suna tarar da shagon sayar da caja da murfin waya. Waɗanda suka nace suka biyo ta sabuwar ƙofa. Hajiya Sharifa ta ce ita fa ba ta son kowace mace ta riƙa ratsa mata gida, gida ba kasuwa ba ne. Ta faɗi haka shaguna uku suna manne da bangon ɗakinta. Ina tsaye ina shan ruwan sanyi lokacin da ta faɗa. Na lura da abin dariyar da ke cikin maganar, na ji daɗin kaifin basirata, na shanye ruwana na wuce.

Da zafin Afrilu ya kankama, Gwaggo ta fara tari, ta fara barcin rana mai nauyi wanda sai an girgiza ta. Abinci ya daina shiga. Wata rana ta yi sallar azahar sau biyu don ta manta ta yi. Baffa ya ce tsufa ne, shi ma da bai kai ta ba yana mantuwa. Tarin kuwa, ya ce mutumin da ya shekara arba'in yana shaƙar hayaƙin turare me ake jira? Ya aika aka sayo mata maganin tari da na ciwon kai. Duk wanda ya tambaya sai ya ce Yaya ba ta taɓa cewa wani abu yana damunta ba. Gaskiya ne kuwa, ba ta taɓa cewa ba.

A wannan watan ne aka yi mana gabatar da aiki a makaranta, inda kowa ke manna zanensa a bango ya kare shi a gaban malamai. Yawancin 'yan ajinmu gidajen mafarki suka zana. Ni kaɗai na zo da aikin da aka gina da siminti na gaske, kuma na tabbatar kowa ya sani. Na yi minti ashirin ina bayani a kan yadda tsofaffin gidajenmu suke mutunta iska da haske, da yadda na kiyaye wannan gadon. Na nuna ɗakina mai taga biyu a matsayin misali.

Wani dattijon malami, wanda ba ya yawan magana, ya matso ya sa gilashi. Ya nuna bulo biyun nan, ya nuna akwatin janaretan.

"Hayaƙin zai shiga nan fa." Ya ɗan sunkuya ya karanta. "Au, sito ne. To, tunda ba mutum a ciki."

Na gyaɗa kai. Na sami maki mafi yawa a aji. A hanyar dawowa na tsaya a Kasuwar Sabon Gari na saya wa Gwaggo 'yar fanka mai caji, na kai mata da kaina, na nuna mata maɓallanta uku. Ta yi ta sa mini albarka. Ni da na karanta yadda iska ke tafiya, na san fanka a rufaffen ɗaki ba ta kawo sabuwar iska, wadda ke ciki kawai take juyawa. Amma na fita daga ɗakin ina jin na sauke wani nauyi.

Wadda ta fara faɗar gaskiya a gidan ba 'yar gidan ba ce. Sunanta Felicia, ma'aikaciyar jinya ce da ta yi ritaya ta buɗe kemis a Sabon Gari. A can aka haife ta, Hausarta ta fi tawa tsabta. Shekaru tana sayen turare a wurin Gwaggo. Ta zo neman na bikin 'yarta, ta ƙi yarda da aka ce mata Gwaggo ba ta jin daɗi, ta ce ai shi ya sa ya kamata ta shiga. Ni na raka ta.

Ba ta yi minti biyar ba ta fito tana riƙe da goshi. Ta janyo ni gefe, ta tambayi tun yaushe Mama take kwana a nan, da awa nawa injin yake yi a rana. Na fara yi mata bayani da manyan kalmomin makaranta, a kan ƙarancin fili da tsarin wucin gadi. Ta bar ni na gama.

"Wa ya zana wurin nan?"

Na ce ni ne.

"To ka san abin da ke ciki. Wannan hayaƙin kashe mutum yake yi, ba ya ba da sanarwa. Ka fitar da ita yau, ɗana. Ba gobe ba."

Na ce in sha Allahu.

Bayan la'asar na sami Baffa. Na shirya jawabi mai ƙarfi a hanya, amma da na zauna a gabansa abin da ya fito daga bakina shi ne ko da hali a duba maganar Gwaggo. Bai yi fushi ba. Ya ce shi ma abin yana ransa, ai yayarsa ce uwa ɗaya uba ɗaya. Ya ce siminti ya yi tsada, bene sai bayan damina. Ya ce ba zai je ya tayar da ɗan haya ba alhali mutumin ya bi takardar da muka ba shi, kuma ni na zana wajen injin. Ya tuna mini cewa shagunan nan su ke riƙe da gidan, har da karatuna. Ya ce mutanen waje suna da saurin magana a kan gidan da ba nasu ba. Sannan ya dube ni ya ce:

"In ka ga abin ya matsa, ai ɗakinka yana nan. Ka ba ta mana."

Na ce zan duba. Kuma na duba ɗin. Na ɗauki tef na auna teburin zanena, na je na auna ƙofar siton. Teburin ya fi ƙofar faɗi da santimita goma sha ɗaya. Na tsaya ina kallon lambar kamar likita ya ba ni takardar hutu. Jarrabawa saura sati uku, ba zan iya karatu ba tebur ba. Na yanke cewa ina ajiye alƙalami zan ba ta ɗakin. Ban gwada kwance ƙafafun teburin ba, ko da yake kusoshi huɗu ne kawai, kuma ni na ɗaura su da hannuna.

Abin ya faru wata Asabar, kwana tara kafin jarrabawar ƙarshe. Hajiya Sharifa tana da baƙi, matan ƙungiyarsu, an share ɗan filin tsakar gida an jera kujeru. Ta leƙa ta ce wa Gwaggo ta huta abinta kada hayaniya ta dame ta, ta janyo mata ƙofa. Tun safe babu wuta. Ina ɗakina, iska tana shiga ta taga ɗaya tana fita ta ɗayar, ina haddace ƙa'idojin lafiyar gini.

Da aka kira la'asar, Hajiya Sharifa ta ga kwanon abincin rana yana nan a bakin ƙofa ba a taɓa ba, butar Gwaggo kuma a bushe. Ta kira ni. Na tura ƙofar. Zafi da warin hayaƙi suka daki fuskata. Gwaggo tana kwance a gefen katifa, carbi a hannunta, ta yi amai a kan matashi. Na kira ta, na girgiza ta, ba ta motsa ba. Na ɗauke ta. Ban san ta rame haka ba sai da na ji ta a hannuna.

Baffa ba ya gida. Motar da ke kusa ita ce ta Ugochukwu da yake ɗauko kifi. Ya bar masu saye a tsaye ya ja mu zuwa asibiti. A hanya ya tambaye ni daga ina aka ɗauko Mama. Na faɗa masa. 

"Ni sito aka ce mini," ya ce. "A takardarka haka aka rubuta."



Yana sauke mu ya juya. Kafin magariba ya kira mutum uku, sun ɗaga injin sun mayar da shi gaban shago, ya ƙara waya. Daga baya na tambaye shi tsawon lokacin da aikin ya ɗauka. Ya ce bai kai rabin awa ba. Ya ce da wani ya gaya masa tun ranar farko, da tun ranar ya yi. Wata huɗu ina wuce shagonsa safe da yamma muna gaisawa.

Gwaggo ta yi kwana goma sha ɗaya a asibiti, biyun farko da robar iska a fuska. Felicia tana zuwa kullum da kunu a filas, ba ta ƙara yi mini maganar ba, gaisuwa kawai. Da ta zage ni da na fi samun sauƙi. Baffa ya riƙa gaya wa masu dubiya cewa jininta ne ya hau, ga kuma zafin bana. Hajiya Sharifa ta ce Allah ne ya sa ta lura da kwanon nan, mata suka yi ta yaba mata.

Ta dawo gida da rai, amma ba duka ta dawo ba. Maganarta ta yi nauyi, hannunta na hagu yana rawa. Kwana biyu da dawowa ta sa na ɗauko mata wata kwalbar humra, ta buɗe, ta kai hanci, ta daɗe. Ta miƙo mini ta tambaya ko ta lalace. Ƙamshin ya cika ɗakin har waje. Na ce mata lafiyarta lau. Ta buɗe ta biyu, ta buɗe ta uku, sannan ta mayar da murafen ɗaya bayan ɗaya ta ce in kai wa Felicia duka, na bikin 'yarta. Ba ta sake hura kasko ba.

A ɗakina aka sauke ta. Na kwance teburin, bai ɗauke ni minti goma ba. Labari ya zaga dangi cewa Modu ya bar wa gwaggonsa ɗakinsa, aka yi ta bugo waya ana sa mini albarka, ana cewa yaran yanzu ba kowa ke da irin wannan zuciyar ba. Na amsa kowace addu'a da amin. Na koma siton da katifata, ina jin kaina kamar wani waliyyi. Ba inji yanzu, ba hayaƙi, zafi ne kawai da damshin bangon banɗaki. Kwana biyu na iya. A na uku na tattara na koma wurin abokina a ɗakin kwanan ɗalibai, na ce wa mutanen gida ina so in kasance kusa da makaranta.

Da ɗakin ya zama ba kowa, Hajiya Sharifa ta sa aka wanke shi, ta zuba kayan abincinta: buhun shinkafa, doya, da buhu biyu na albasa da Baffa ya samo da araha. Damina ta fara sauka.

Wata ranar Juma'a na zo gida, na tarar an baje albasa a tsakar gida, Hajiya Sharifa tana tsince ruɓaɓɓu tana faɗa. Kwana tara kacal, kusan rabin buhu ya tafi. Baffa yana tsaye a bakin siton, ya leƙa ciki ya fito yana toshe hanci. Yana ganina ya yi mini hannu.

"Yauwa, Akitek. Ɗakin nan ba ya shan iska ko kaɗan, kaya za su ƙare. Duba mana inda za a fasa taga. Na riga na kira magini, gobe zai zo."

Ba maganar tsadar siminti, ba maganar jiran bene. Na tsaya ina kallonsa, ina jiran ya ji abin da ya faɗa. Bai ji ba. Ina jiran in ji kaina na faɗi wani abu.  Na ɗauko tef na auna, na zana layi huɗu da alli a jikin bango. Taga mai kyau, mita ɗaya da ashirin, da raga saboda ƙuda.

Washegari da hantsi magini ya fara dukan bango. Gwaggo tana zaune a kan tabarma a bakin ƙofar ɗakina, an lulluɓa mata ƙafafu. Ta daɗe tana kallon ƙurar da ke tashi, har bulon farko ya faɗa ciki, haske ya ratsa ɗakin. Ta yafito ni da hannunta mai lafiya, na durƙusa kusa da ita.

"Modu, me ake yi a can?"

"Taga ake fasawa, Gwaggo."

"Wa zai shiga?"

"Ba kowa. Albasar Hajiya ce take ruɓewa."

Ta gyaɗa kai a hankali, tana kallon hasken.

"Gara da aka yi," ta ce. "Albasa ba ta jure zafi."